Kafintan da Ba Ya Rantsuwa

Malam Madori, 9 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Abdulwahid, malamin hakimi a Kirikasamma.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da iyali, da ruwan bana da na ji an ce ya fara cin hanya a wajenku. Bayan haka, Yaya, ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada ka ajiye takardar nan inda wani zai gani.

Ranar Larabar da ta wuce komai ya canza mini. Da hantsi ina zaune a inuwar rumfa ina karanta littafin da ka aiko mini. Jirgin ƙasan Nguru ya yi kuka ya wuce. Ba a jima ba sai ga Malam, maigidana, ya shigo da akwatin ƙarfe a ka. Bayansa wata tsohuwa ce siririya da farin kallabi, ba awarwaro, ba 'yan kunne, ba ko kwalli. Ya sauke akwatin ya ce, "Zaituna, ga mahaifiyata."

Kai shaida ne, Yaya. Ranar da aka zo neman aurena, Malam Garba, wanda ya koya masa kafinta, ya ce wa Baba yaron maraya ne, ubansa ya rasu a aikin hanyar jirgi, ba shi da kowa. Shekara guda ina ɗakinsa bai taɓa ambatar uwa ba. Na ɗauka zafin rashi ne, har ina tausaya masa.

Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa. Sai Malam ya ɗauko tasa, ya ɗaura ƙyalle a ƙugu, ya durƙusa ya wanke mata ƙafafu. Na ce a raina, ɗa na gari ke nan, ta sha tafiya. Yana gamawa ta miƙe ta ce ya zauna, ita ma ta durƙusa ta wanke nasa. Uwa fa, Yaya, da furfurarta. Ba alwala ba ce, don ba su taɓa fuska ko hannu ba. Tana wankewa tana kiransa da wani sunan da ban taɓa ji ba: Filibus.

Yau kwananta biyar, ban ga ta yi salla ba. Kafin ta ci abinci takan rufe ido ta sunkuyar da kai. Tana da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango. Na leƙa shi da ta zaga. Rubutun boko ne, amma ban gane kalma ko ɗaya ba. Malam ya ce Nufanci ne, wai daga bakin kogin Kwara ta taso.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, tsagen fuskarta irin na masuntan wajenku ne. Hausarta ta karye, amma ta ce mini sunanta Mairam, kuma a wani ƙauye kusa da Baturiya aka haife ta.

Tun ranar nake ta tone-tone a zuciya. Ka taɓa jin Malam ya ce wallahi? Na bi shekarar nan wata-wata. Har ranar da wani ya zo ƙofar gida yana zaginsa, wai ya canza masa katakon ƙyaure, cewa kawai ya yi, "Ban canza ba," ya koma kan aikinsa. A lokacin haƙuri na ɗauke shi.

Na tambaye shi. Ya ce, "Zan gaya miki duka. Bari ta huta."

Ka sha tsokana ta cewa a cikin littattafai nake kwana. To, a littattafan, baƙon da ya ɓoye asalinsa ɗan sarki yake zamowa a shafin ƙarshe. Ina tsoron nawa ba can ya nufa ba.

Kada ka gaya wa Baba tukuna. A gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Zaituna

Kirikasamma, 20 ga Yuli, 1943

Takarda ta fito daga hannun Abdulwahid ɗan Malam Muhammadu zuwa ga ƙanwata Zaituna. Gaisuwa da aminci.

Bayan haka, takardarki ta iso. Na karanta ta sau uku, sannan na sa mata wuta. Da farko na ɗauka hikayoyin ne suka taɓa ki, har na yi da-na-sanin koya miki boko. Amma na bincika.

Akwai wani Banufe mai sayar da tasoshin tagulla da ke cin kasuwarmu. Na tambaye shi a kaikaice, ban kama suna ba. Ya ce wanke wa juna ƙafa al'adar wasu turawan mishan ce da ke bakin Kwara, ana ce musu Manonayit. Su ne suka tara bayin da aka 'yanta lokacin zuwan Nasara, suka koya musu kafinta da karatu, suka sa su a addininsu. Ya ce ana gane mutanensu da abu biyu: ba sa shiga soja, kuma ko za a yanka su ba sa rantsuwa.

Ki fahimci nauyin maganar. In mijinki Haladu ba Musulmi ba ne ranar da aka ɗaura, to babu aure tsakaninku, kuma shekarar da kika yi a ɗakinsa kin san sunanta. Na biyu, gwamnati ba ta barin 'yan mishan su kafa gida a ƙasar sarki. Wanda aka hana shiga ta ƙofa yakan nemi katanga. Me zai hana su turo tsohuwa mai tsagen ƙasar nan ta ce gida ta dawo? Duk wanda ya taɓa zama a tasha ya ji sunan Baturiya.

Saboda haka ga abin da za ki yi. Ki lura da sallarsa a lokacin da bai san ana ganinsa ba, don sallar masallaci kowa ya iya. Ki lura da masu shigowa wurin tsohuwar. Ki tambaye ta sunan wani nata a ƙauyen da take faɗa, ki aiko mini, ni zan bi sawu. Kada ki yarda ta taɓa ƙafarki.

Batun Baba kuwa, ba zan yi miki alkawarin da ba zan cika ba.

Allah ya bayyana gaskiya. Haza wassalam.

Malam Madori, 25 ga Rajab

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan ka huce. Na yi duk abin da ka ce, har da wanda ba ka ce ba.

Na ɗana masa tarko irin na littattafai. Na cire zobena na azurfa na tura shi cikin tukunyar shinkafa, na zauna ina kuka. Da ya shigo na ce shi ya ɗauka.

Ya ce, "Ban ɗauka ba."

Na ce, "To ka ce wallahi."

Ya ce, "Na ce ban ɗauka ba, Zaituna. In na ɗora wata kalma a kai, ina nufin ta farkon ba ta isa ba ke nan."

Sai Iya, haka nake kiran tsohuwar yanzu, ta tashi ta sa hannu a tukunyar ta zaro zoben ta miƙo mini. Ta ce, "'Yata, kin makara. Ubansa ma na gwada shi, da allura. Wata uku ina neman rantsuwa a bakinsa." Ta yi ta dariya har da tari. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Batun salla: ran Litinin da azahar ana ruwa, ba wanda ya fita masallaci. Na laɓe bayan zana ina hangen rumfar aikinsa. Ya share dusar katako, ya shimfiɗa buzu, ya yi raka'a huɗu cif. Sujudarsa ta ƙarshe ta yi tsawo har ƙafata ta sage. Bai san ina nan ba.

Amma ga ɗayan gefen. Ranar Alhamis da la'asar yana gogar katako, Iya na tsinar wake kusa da shi, ta fara wata waƙa da Nufanci. Sai na ji ya ɗauka daga ƙasa da murya mai kauri, ita tana sama, ba ganga ba tafi, muryoyin suna tafiya tare kamar kwale-kwale biyu a ruwa ɗaya. Hawaye na bin gemunsa. Waƙar addininta ce, na tambaya bai musa ba. To wanne ne shi, Yaya, mai buzun ko mai waƙar?

Ya ba ni labarin kamar yadda ya yi alkawari. Iya tana 'yar shekara takwas mahara suka kama ta, aka yi ta sayar da ita har Bida. Da aka 'yanta bayi turawan mishan suka ɗauke ta. Can ta yi aure, can ta haife shi. Ubansa ya taho da shi Arewa lokacin da ake jan hanyar jirgi zuwa Nguru, ita ta zauna da 'yan matan. Yanzu duk sun yi aure, ta ce tana so ta ga ruwan garinsu kafin ta mutu.

Ga abin da ka nema. Ta ce suna cirar bado ne a tafki ita da wanta Shu'ibu ranar da dawakai suka zo. Shi ya nutse cikin ruwa ya ɓuya, ita ba ta iya ba. Ta ce yana da cindo a hannun hagu. Sunan ƙauyen ya ɓace mata.

Ba wanda yake zuwa wurinta. Ita ke ɗebo mini ruwan alwala, ita ke ce mini, "Tashi, ladaninku ya kira." Ita ce kuma ta fara gane ba ni kaɗai ba ce yanzu, ka gane abin da nake nufi, tun kafin ni in tabbatar. Ta hana ni daka. Nakan zauna ina kallonta ina tambayar kaina, kirki ne wannan ko koto ne a bakin ƙugiya? Ban taɓa sanin zargi na hana mutum jin daɗin abinci ba sai yanzu.

Ka gaida iyali.

Zaituna

Kirikasamma, 5 ga Agusta, 1943

Daga Abdulwahid zuwa ga Zaituna. Gaisuwa.

Bayan haka, tunda maganar ta kai ga abin da ke cikinki, ta fi ƙarfina. Na je Hadejia na gaya wa Baba. Ki yi fushi in kin ga dama.

Gwaggo Barira za ta zo ta taho da ke ran Lahadi. Kada ki yi gardama. Ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko, Haladu zai zo zauren Baba a gaban Liman, ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa Musulmi ne ranar ɗaurin aure kuma bai koma ba. In ya yi, ki bi shi a ranar, kowa ya huta. Abu ne na numfashi ɗaya. Mai gaskiya ba ya gudunsa. Ni aiki ba zai bar ni in zo ba, ki rubuto mini yadda aka yi.

Wani abu kuma. Na lura rabin takardarki yabon tsohuwar ne, har ta zama Iya. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, ke kaɗai kika rubuta ta, ko akwai mai tsaye a kanki?

Haza wassalam.

Hadejia, 12 ga Sha'aban

Yaya,

Ina gaisuwa. Ni kaɗai na rubuta waccan, ni kaɗai nake rubuta wannan. In kana so in rantse maka, ni ina yi.

Jiya aka yi. Ina tsaye bayan ƙofar zaure ta cikin gida, Gwaggo na riƙe da zanena kamar zan tashi sama.

Malam ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya gaida kowa. Liman ya ce ya faɗi kalmar shahada. Ya faɗa, murya ba rawa. Liman ya ce a hannun wa ya musulunta, Malam ya ce a hannun Malam Garba, yana ɗan shekara goma sha bakwai, bayan rasuwar ubansa. Malam Garba yana wurin, ya ce haka ne. Sai Baba ya sa aka ɗauko Alƙur'aninsa a cikin gafaka, aka ajiye a kan buzu.

Baba ya ce, "Dafa."

 

Malam ya ce, "Baba, da alwalata na zo. A buɗe duk inda aka ga dama in karanta. Amma rantsuwa ba zan yi ba. Musulmi ne ni ranar ɗaurin aure, Musulmi ne ni yau. Maganata ke nan."

Baba ya ce, "Maganarka? Kai da aka ce ba ka da kowa kana zaune kana ji?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan laifina ne."

Baba ya ce, "To mai laifi ɗaya ya wanke kansa daga na biyu. Dafa, ka ɗauki matarka."

Na leƙa ta tsagar ƙofa, Yaya. Na ga hannunsa ya tashi daga gwiwa, ya tsaya a iska, ya koma. A raina ina ta cewa, dafa mana, me zai rage ka? Bai dafa ba.

Malam Garba ya ce, "Kai Haladu, taurin kan nan naka ko katakon maɗaci albarka." Ba wanda ya yi dariya.

Liman ya ja carbinsa. Sannan ya ce shahada ta fita daga bakin mutum a gaban shaidu, an kuma san shi da salla shekara goma sha ɗaya, ba a ba ɗan Adam wuƙar tsaga ƙirji ba. Ya ce aure yana nan. Baba ya ce hukuncin Liman a kan aure ne, ba a kan gidansa ba. Ya ce mutumin da aka miƙa wa Littafi ya janye hannu ya riga ya ba da amsa. Ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce ba zai tura ni ba, ba zai kuma ɗaure ni ba, amma in na koma Malam Madori in manta hanyar ƙofar nan.

Malam ya yi sallama ya tafi. Bai nemi ganina ba. Ko kunya ce, ko ya haƙura da ni ne, ban sani ba.

Yanzu kowa ina kallonsa a karkace. Ina zargin Gwaggo za ta riƙe duk takardar da ta zo da sunana. Saboda haka na aika masa tawa ta hannun mai kawo mana nono, ta nan amsar za ta biyo. Tambaya uku na yi masa. Da gangan ka ɓoye? Me ya hana ka dafawa? Kuma ranar da kake waƙar nan kana kuka, zuciyarka ta koma ko ba ta koma ba? Na ukun tarko ne. Ba wanda zai iya bincikawa. In mai gyara zance ne, a nan zai gyara.

Littattafaina duka na baro su can. Ko da suna nan ma, ban san wanda zan buɗe ba.

Ƙanwarka,
Zaituna

Malam Madori, 18 ga Agusta

Zaituna,

Sallama. Ina fata kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Ban iya rubutu mai daɗi irin naki ba. Zan bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko. I, da gangan na ɓoye. Malam Garba ya ce ba ni da kowa don ya san in an ji kalmar mishan ba za a ba ni ke ba. Ina zaune a bayansa na yi shiru. Na ruɗi kaina cewa ba bakina ne ya faɗa ba. Ƙarya ce, kuma tawa ce. Ita ta sa ban nemi ganinki ran Juma'a ba.

Ta biyu. Turawan da suka riƙe Iya ba irin na gwamnati ba ne. Sun ce mana kakanninsu ma korarru ne. An yi ta korarsu daga ƙasa zuwa ƙasa don sun ƙi rantse wa sarakuna, sun ƙi ɗaukar takobi, har suka ƙetare teku. Iya takan ce shi ya sa suka san yadda ake yi wa wanda aka raba da gida magana. Babana ya ɗauki abu ɗaya daga wurinsu ya riƙe da ƙarfi: i ɗinka ya zama i, a'a ɗinka ya zama a'a. Da zazzaɓi ya kwantar da shi a sansanin leburori, ya ga ina zama da Musulmi, ya san inda na dosa. Bai hana ni ba. Ya ce, "Duk hanyar da ka bi, ka bar mini wannan. Kada ka rantse." Na ce to. Washegari ya cika.

Na san Musulmi yana da halin rantsuwa. Na tambayi malamai ko barinta zunubi ne, ba wanda ya ce mini zunubi ne. Ran Juma'a hannuna ya tashi, wataƙila an gaya miki. Sai na tuna in na karya "to" ɗin da na ce wa mamaci don in same ki, me za ki yi da wanda na ce miki?

Ta uku. Na daɗe a kan wannan. Da na ce miki a'a kawai, da ya fi mana sauƙi. Gaskiyar ita ce, da ta ɗauki waƙar na koma ɗan shekara shida a gefen zanenta, kuma na so wurin. Na rera kowace kalma, na san ma'anarta. Ban san sunan abin da na ji ba. Da aka kira magariba na yi alwala na yi sallata, ba don wani yana kallo ba. Ba ni da wata alƙibla. Amma ba zan ce miki in ta sake ɗauka ba zan amsa ba.

Iya ta ɗaure akwatinta, ta ce ita ta kawo wannan, za ta koma. Na ce ba inda za ta.

Na gama kantar littattafanki. Na ɗaga ta daga ƙasa yadda gara ba za ta kai ba.

Ba zan ce ki saɓa wa Baba ba. Ina nan.

Haladu

Kirikasamma, 27 ga Agusta, 1943

Daga Abdulwahid zuwa ga ƙanwata Zaituna. Gaisuwa da aminci.

Bayan haka, na ga takardarki, da ta Haladu da kika kwafo mini. Akwai maganar da na riƙe kwana tara, ina jin nauyinta.

Hakimi ya aike ni rangadin ganin ɓarnar ruwa a ƙauyukan gabas da Baturiya. A kwale-kwale muka je, hanya duk ta nutse. A kowane masauki nakan tambayi tsoho mai cindo, ina sa ran a ce babu, in rubuto miki in huta. A ƙauye na huɗu aka kai ni wurin wani tsohon masunci yana gyaran koma. Sunansa Shu'ibu. Na dubi hannun hagunsa.

Ban gaya masa komai ba. Na ce ko yana da 'yar'uwa. Ya ajiye komar. Ya ce, "Bado muke cira. Na sake hannunta na nutse." Sannan ya ce, "Wa ya aiko ka, malam?" Na ce aikin hakimi ne. Na tashi na bar shi. Ban kyauta ba.

To tsohuwar ba 'yar leƙen asiri ba ce, na janye wannan. Amma kada ki gina gida a kai. Gaskiyar uwa ba ta zama shaidar zuciyar ɗa. Ga shi da bakinsa ya ce zai sake amsa waƙar. Wane Musulmi ne zai rubuta haka ga matar da yake so ta dawo? Ni har yanzu ban gane shi ba, kuma abin da ban gane ba ban yarda da shi ba.

Shawarata ki zauna gaban Baba har ki sauka, a ga abin da Allah zai yi. Ban gaya wa Baba batun Shu'ibu ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Haza wassalam.

Hadejia, 29 ga Sha'aban

Yaya,

Ina gaisuwa, na kuma gode da ka faɗa, ko da a makare.

Ka tambaya wane ne zai rubuta haka ga matar da yake so ta dawo. Ni ma kwana goma ina juya ta. Da maƙaryaci ne, da tun ran Juma'a ya dafa, ya ci tuwon Baba, ya tafi da ni. Da mai gyara zance ne, da ya ce mini a'a a tambaya ta uku.

Ban ce na daina zargi ba. Zan ci gaba da leƙe ta bayan zana, wataƙila har in tsufa. Amma a gidana zan yi.

Ka koma wurin Shu'ibu ka gaya masa wanda ya aike ka. In ruwa ya janye za mu kawo masa ƙanwarsa.

Na durƙusa na gaya wa Baba da safen nan. Bai ko ɗago ba. Ka riƙa gaishe shi a madadina.

Gobe zan hau motar da ke kai wasiƙu tasha. A Malam Madori zan kama azumi.

Ƙanwarka,
Zaituna